Yadda Ake Haɗa Iyali a Kan Abincin Dare a Gidan da Ba a Saba Ba

Tun da na taɓo zancen cin abincin dare tare, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, wato ta yaya za a fara a gidan da ba a saba ba, sai dai kowa da irin tasa matsalar. Wata ta ce mijinta ba ya rufe shago a Kasuwar Gumi da ke nan Kaduna sai an kira magariba, kafin ya iso Rigasa ƙananan yara sun yi barci. Wani ya ce matansa biyu, a ɗakin wa za a shimfiɗa tabarmar? Wata kuma ta ce ai sun gwada, ba a je ko'ina ba aka watse da faɗa.

Ba zan daɗe a kan amfanin ba, don duk wanda ya tambaya ya riga ya yarda da shi. A wurin cin abinci ne uba ke gani da idonsa wane yaro ne ya rage ci, wace yarinya ce ta daina dariya. A nan yaro ke koyon yadda ake zama da mutane. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, sau ɗaya ake kunna wuta. Sannan ga albarka: Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka suna ci ba sa ƙoshi, Annabi (SAW) ya tambaye su ko a rarrabe suke ci, suka ce e, sai ya umarce su da su haɗu a kan abincinsu, su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. Amma a riƙe wannan ma: aya ta 61 a Suratun Nur ta ce ba laifi a ci tare ko a rarrabe. Don haka gidan da ba sa yi ba zunubi suke aikatawa ba, kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya je yana yi wa iyayensa wa'azi.

Ga matakan, a bi su yadda suka zo.

1. Ku gama magana ku biyu kafin yara su ji

Yawancin magidantan garin nan sun tashi ne a gidan da ake kai wa uba kwanonsa zaure ko ƙofar gida ya ci da maƙwabta, mata su ci a ciki, yara maza kwanonsu daban, mata daban. Wanda ya tashi a haka, in ya ƙi zama da iyali ba ƙiyayya ba ce, rashin sabo ne. Saboda haka yadda aka kawo maganar shi ne rabin aikin.

In uwargida ce mai son abin, ta bari sai ya ci ya ƙoshi ya huta, sannan ta ce wani abu kamar: "Abban yara, ina da shawara in ba damuwa. Da za ka riƙa cin tuwon dare da mu ko sau biyu ne a mako, da yaran nan sun ji daɗi. Ƙaramin nan kwana biyu ba ya cin abin kirki, ina ga in ya gan ka zai ci." In kuwa maigida ne, kada ya shigo da umarni. Ya tuna aikin kusan duk a kanta zai sauka, ya tambaye ta: "Hajiya, ina so mu riƙa zama tare da yara a ci abinci. Me kike ganin zai sauƙaƙa miki?"

Hattara: kada a ce "gidan wance haka suke yi." Wannan jumla ta kashe shawarwari masu kyau da yawa tun ba su kai ƙofar ɗaki ba.

2. Ku ɗaura lokacin a jikin salla, ba a jikin agogo ba

Nan ne gidaje suka fi faɗuwa. A Kaduna rana kan faɗi ƙarfe 6 da 'yan mintuna a watannin Nuwamba da Disamba, amma a Yuni da Yuli takan kai kusan ƙarfe 7. Wanda ya ce "kullum ƙarfe 7 daidai" zai tarar a wasu watanni lokacin ya faɗa kan sallar magariba. Zaɓi biyu ne masu ɗorewa: ko da an dawo daga magariba, ko da an dawo daga isha'i.

Tsakanin magariba da isha'i akwai sa'a ɗaya da ɗan wani abu, kuma ya wadatar, tunda zaman bai kamata ya wuce minti 30 ba. Ni wannan na fi so ga gidan da ke da yara ƙanana, domin ɗan shekara uku ko huɗu da ya kai ƙarfe 8 da rabi bai ci ba, ko dai ya yi barci da yunwa ko ya cika gida da kuka. Sharaɗin shi ne a sauke tukunya kafin kiran magariba, ba a fara tuƙa tuwo bayanta ba.

Bayan isha'i ya fi dacewa da ɗan kasuwa, da wanda ke tasowa daga cikin gari ya bi Titin Ahmadu Bello ya haye gada zuwa Barnawa ko Sabon Tasha, da wanda zai bi ta Kawo zuwa Mando ko Rigachikun. Cunkoson yamma a hanyoyin nan ba ya san alkawarin da ka ɗaukar wa iyali. In wannan kuka zaɓa, a ba ƙananan yara ɗan abin taɓawa wajen ƙarfe 5, kunu ko guntun dankali ko ayaba, ba abin da zai toshe musu ciki ba.

Sai a sa doka ɗaya tun ranar farko: minti 20 ake jiran wanda ya makara. In sun cika a yi bisimilla, a rufe masa nasa a kula. Ba fushi, ba gori. Maigidan da ya san zai makara ya kira waya tun yana hanya.

Hattara: mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa, ba a tsare su da yunwa don jiran kowa. Su ci a kan lokacinsu, in an zauna su zo su taɓa kaɗan. Haka kuma mai fama da ƙwannafi ya bar sa'a biyu zuwa uku tsakanin cin tuwo da kwanciya, wanda hakan ma dalili ne na fifita bayan magariba.

3. Ku fara da dare biyu a mako

Wanda ya ce daga yau kullum tare za a ci, kafin mako ya zagayo zai karya dokarsa da kansa. Ku zaɓi dare biyu. Daren Alhamis da na Juma'a sun fi sauƙi a gidajen Musulmi, saboda makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu a ranakun, ba yaron da zai ce yana sauri zai tafi makarantar dare. Ma'aikacin gwamnatin jiha da ke cin moriyar tsarin aikin kwana huɗu da aka fara a Disambar 2021, shi kam ba shi da uzuri ranar Juma'a. A gidajen Kirista, Lahadi da yamma ta fi zama daidai, sai a ƙara da ranar da ba taron addu'a, ba koyon waƙa, ba zumuntar mata.

A kauce wa daren da ake manyan wasannin ƙwallo in akwai samari a gidan. Ba a fara sabon abu da yaƙin da za a iya kauce masa.

4. Wuri da kayan aiki

Kada a sayi tebur mai kujeru shida don wannan. Gidaje nawa ne teburin ya koma wurin ajiye fulas da takardun makaranta? Falo ya isa, baranda ta isa, tsakar gida ma ta isa lokacin zafi. Da damina a koma ciki saboda sauro da ƙwarin da ke bin haske, da hunturu kuma saboda ƙura.

Abin da ake buƙata yawanci yana nan a gida: tabarma ko darduma, babban tire ko faranti, ƙananan kwanoni na yara, jug da kofuna, buta, sabulu, da roba ko tasa ta tarar ruwan wankin hannu. Abu uku ne kawai mai yiwuwa ku saya, kuma ga yadda zan jera su. Na farko fitila mai caji ko mai sola, domin ɗauke wuta a tsakiyar cin abinci ya fi komai saurin watsa zama: kowa ya lalubo wayarsa don haske, daga nan kuma shi ke nan. Na biyu ledar shimfiɗa ta cin abinci wadda ake gogewa da tsumma, don kada tsoron ɓata kafet ya sa uwa ta yi ta yi wa yara tsawa. Na uku kula babba mai riƙe zafi. Duk ana samunsu a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka a taya a shago uku kafin a biya, kuma a saye su ɗaya bayan ɗaya, ba dole sai rana guda ba. Fitilar a gwada ta a gaban mai shago.

Hattara: kyandir ko fitilar kananzir ba sa zama a kan tabarmar da yara ke miƙa hannu. Tukunyar miya ma ba a kawo ta tsakiya daga kan wuta, musamman in akwai mai rarrafe. A zuba a kwano a madafa.

5. Kada a canza tukunya

Kuskuren da mata suka fi yi ke nan. Ranar farko a soya kaza, a yi soyayyiyar shinkafa, a haɗa lemo. Rana ta biyu aka dawo kan tuwon masara miyar kuka, yara su ga kamar an rage musu matsayi, ita kuma ta gaji, aljihun maigida ya koka. A dafa abin da aka saba: tuwo da miyar kuɓewa ko taushe, faten tsaki da yakuwa, dambu, shinkafa da wake da mai da yaji, ɗanwake, faten doya. Abin da nake ƙarawa kawai shi ne ganye, ko kwaɗon zogale ne ko rama ko yankakken kabeji, domin yaron da ke ƙin ganye a kwanonsa yakan miƙa hannu in ya ga Abbansa na ci.

Tunda tukunya ɗaya ce za ta ciyar da tsoho da yaro, a rage barkono a ciki, a ajiye yaji a gefe kowa ya zuba daidai bakinsa. Gishiri ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin. Gidan da ke da mai hawan jini ya fi kowa bukatar kula da wannan.

Game da kuɗi, ku zauna ku yi wannan lissafi da alƙalami. A ce maigida yakan tsaya wurin mai shayi ya ci indomi da ƙwai, ko ya sayi tsire a hanya, a ce naira 2,000 a dare. A wata ya zama 60,000. Ku sa adadinku na gaskiya a wurin, ku kwatanta da mudu nawa na masara ko wake kuɗin zai saya a Bakin Dogo ko a kasuwar Kawo ranar Talata. Sannan ku ƙara da gas ko gawayin da ake ƙonawa wajen ɗumama miya sau uku, ɗaya don yara, ɗaya don samarin da suka shigo ƙarfe 9, ɗaya don maigida. A gidaje da yawa, zaman tare rage kashe kuɗi yake yi, ba ƙarawa ba.

6. Raba aiki

In komai ya zauna a kan mace ɗaya, ita ce za ta fara fatan abin ya mutu. Ɗan shekara biyar zai iya jera kofuna. Ɗan shekara takwas ya shimfiɗa leda ya zagaya da buta. Manya su ɗauko abinci, su kwashe kwanoni. Yara maza suna ciki, ba a ware su. Kuma kada a fara ci sai mai girki ta zauna. Zaman da uwa ke kai-kawo tsakanin madafa da falo har kowa ya ƙoshi, sannan ta ci sauran ita kaɗai a tsaye, ba shi muke nufi ba.

7. Wanke hannu, zama, da rabon nama

A daina wanke hannu a kwano ɗaya da kowa ke tsomawa. Wanda ya zo na ƙarshe, dattin mutum shida ya wanke da shi. A zuba ruwa daga buta a kan hannu, da sabulu, roba na tara a ƙasa. Da damina, lokacin da gudawa da amai suka fi yawo, wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ke fama da gudawa ko mura mai tsanani a zuba masa nasa daban da cokalinsa, amma ya zauna a wurin.

Kwano ɗaya ko kowa da nasa? Manya da yaran da suka yi wayo su ci a tire ɗaya, ko biyu in suna da yawa. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a ba shi ƙaramin kwanonsa a gaban uwarsa ko ubansa. Dalili: a tire ɗaya yayyensa sun fi shi sauri da girman loma, kafin ya kai uku an sheme, kuma ba wanda zai san nawa ya ci. Ma'aikatan lafiya ma abin da suke faɗa wa iyaye mata ke nan a wurin awo. Jaririn da ya cika wata shida ya fara cin abinci, a zaunar da shi a cinya a ba shi nasa mai laushi.

Hattara: a cire ƙayar kifi kafin a miƙa wa yaro. Gyaɗa guda-guda da guntun nama mai tauri suna shaƙe ƙananan yara. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Ladubban ci a nan ake koyar da su, da murya ƙasa-ƙasa. Buhari da Muslim sun kawo labarin Umar ɗan Abu Salama, yana yaro a gidan Annabi (SAW), hannunsa na yawo a cikin akushi, sai aka ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Umarni uku gajeru, ba zagi, ba duka. A lura kuma da wane ne yaron: ɗan Ummu Salama ne da ta zo da shi, ga shi a akushi ɗaya da maigidan. Gidan da ke da agola, ko ɗan riƙo, ko yarinya mai taya aiki, ya duba kansa a nan. In za a zauna a bar ɗaya a bakin madafa yana jin dariyarku, gara ma kada a fara.

Sai nama. An saba a tsame manyan yanka a kai kwanon maigida, yara su samu romo. Idan aka zauna wuri ɗaya wannan ba ya ɓoyuwa, yara na kallo. Mafita mai sauƙi: a kawo naman duka a kwano ɗaya a ajiye gaban maigida, shi ya raba da hannunsa, ya fara da ƙarami. Girmansa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, kuma jikin da ke girma ya samu rabonsa. In yanka uku ne ga mutum bakwai, a yayyanka tun a madafa.

8. Waya da talabijin

A kashe talabijin, ba rage murya ba. Wayoyi a tara su a ɗaki ko a kan firji, kuma ta maigida ce ke fara zuwa. Saurayin da ya ga ubansa na duba WhatsApp da hannun hagu ba zai ajiye tasa ba, kuma yana da gaskiya. Wanda aikinsa na kiran gaggawa ne, kamar likita ko jami'in tsaro, ya bar ta a inda zai ji ƙara, in kira ya shigo ya tashi ya amsa a waje.

Hattara: kada a saba wa yaro da kunna masa katun kafin ya buɗe baki. Yana haɗiya ne bai san ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, kuma ranar da ba caji ba ci.

9. Hira

Da yawanmu an tashe mu da cewa ba a magana in ana cin abinci, wanda ya yi kuma a ce santi yake. Abin da ya kamata a hana shi ne magana da loma a baki. Hira kam ita ce ribar zaman. In an yi shiru kowa ya sunkuyar da kai har aka tashi, an ci abinci ne kusa da juna kawai.

Daren farko zai yi nauyi, ku sa ran haka. Yaran da ba su saba ganin Abba yana cin tuwo ba za su yi tsit, wata ma ta kasa kai loma. Kada a ce "ku yi magana mana." Maigida ya fara da kansa: abin dariyar da ya faru a kasuwa, mai keke napep da ya yi rigima kan canji, yadda Kaduna take lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, yadda kakansu ya zo garin da sana'ar da ya fara. Yara na son jin cewa ubansu ma ya taɓa zama yaro, an taɓa yi masa bulala a makarantar allo. A nan ne kuma suke sanin dangi, wace ce Gwaggo, ta ina aka haɗu da Kawu.

In za a tambayi yaro, "yaya makaranta?" amsarta ɗaya ce: "lafiya lau." A tambayi abin da ke da amsa. Wa kike zama kusa da ita a aji? Me ka saya da kuɗin tara? Wane malami ne ya fi ba ku dariya? Daga irin waɗannan ne za ka ji cewa wani babban yaro na ƙwace masa kuɗi, ko ita ba ta ganin allo sosai daga baya. In irin wannan ta fito, kada a zabura a wurin. A ce "to, bayan mun gama za mu yi magana," kuma a cika.

Ga abubuwan da ba sa hawa tabarma ko kusa: sakamakon jarrabawa, kuɗin makaranta, bashi, kuɗin cefane, da ƙarar yara. Uwar da ke tara laifukan yini tana jiran a zauna ta ce "Abbansu, ka san abin da wannan ya yi yau?" ta mayar da wurin kotu, kuma ba mai ɗokin zuwa kotu da yunwa. A ajiye ƙara sai an tashi, a kira mai laifi shi kaɗai. Gulmar maƙwabta da dangi ma a bari, yara na naɗa, gobe su maimaita a inda ba a so. Labarin garkuwa da mutane da hare-hare, wanda mu a jihar nan ba baƙonmu ba ne, a bar shi sai ƙanana sun kwanta.

Maigida kuma ya kama bakinsa daga kushe girki. An ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. In gishiri ya zarce, a faɗa mata ku biyu daga baya. Wanda ya ce "wannan wace irin miya ce" a gaban yara, gobe daga bakin ɗansa zai ji ta.

Saurayi ko budurwar da ta zauna ba ta cewa komai, a ƙyale ta. Zuwan ma wani abu ne. Yaro mai tsandar ci kuma kada a yi masa ɗure ko barazana. A zuba kaɗan, in ya cinye a ƙara, in ya ƙi a ɗauke ba tare da surutu ba, kuma kada a bi shi da biskit bayan an tashi. Amma yaron da cinsa ya ragu kwanaki a jere, ko yana ramewa, ko zazzaɓi na tare da shi, wannan na asibiti ne, ba na lallashi ba.

10. Gidan mata biyu, surukai, da ciyayya

A gidan da mata ke zaune tare, mai girki ita ke da abincin ranar, amma wurin zaman ya zama na kowa: falon maigida ko tsakar gida, ba ɗakin ɗaya daga cikinsu ba. Yaran duka ɗakuna su haɗu a tire ɗaya gwargwadon shekarunsu, ba gwargwadon uwayensu ba. In tsakanin matan ba daɗi, kada maigida ya tilasta musu haɗa hannu a kwano. Ya fara da shi da yaran kawai, matan su shigo ranar da suka ga dama. In kuwa gida daban-daban suke, ya ci da gidan da yake da kwana, kuma abin da ya yi a nan ya yi a can. Wanda ya zauna da yaran amarya ya raba nama, a gidan uwargida kuma ya ce a kai masa ɗaki, ya kunna wutar da zai daɗe bai kashe ba.

Inda Hajiya mahaifiyar maigida ke gidan, ko wani suruki, kunya na nan kuma ba a yaƙi da ita. Akwai dattijuwar da har abada ba za ta ci abinci gaban surukarta ba, akwai uwar da ba ta sakewa gaban ɗan fari. A tura jikoki biyu su ci da ita a ɗakinta, ana juyawa. Haka in akwai ƙannen miji baligai ko baƙi maza, a yi shimfiɗa biyu, maza nan mata can, a lokaci ɗaya.

Ciyayyar ƙofar gida kuwa ban ce a kashe ta ba. Ta ciyar da maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba, ba tare da kowa ya sani ba, kuma unguwannin da suka rasa ta sun yi asara. Maigidan da ke da majalisa ya raba: ranakun iyali ya ci a ciki bayan magariba, a fitar da kwanon majalisa kamar kullum, bayan isha'i ya fita a yi hira da shi. Ya gaya musu gaskiya tun farko. Za su yi masa tsiya mako ɗaya su gaji.

11. Tashi da ragowar abinci

A yi hamdala a bayyane, yara su ce "Umma, sannu da aiki," maigida ya riga su faɗa. A kwashe kwanoni nan take saboda kyankyasai da ɓeraye. Rabon almajiri ko maƙwabci a ɗebe shi tun kafin a sa hannu, ba abin da aka jagwalgwala ba.

Hattara: ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye a waje, balle a zafin Maris da Afrilu. In akwai wuta a sa a firji. In babu, miya a sake tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a ƙara sa cokali. Ɗumamen safe a bar shi ya yi zafi har cikinsa yana tururi, ba ɗumi-ɗumi ba. Shinkafa da wake sun fi tuwo saurin lalacewa, gara a auna daidai ci. Bayan mako biyu kuna ci tare, mai girki za ta gane ainihin gwangwani nawa gidan ke cinyewa.

12. In maigida ba ya gari, ko abin ya tsaya

Kaduna cike take da magidantan da ke aiki a Abuja sai ƙarshen mako su biyo jirgin ƙasa su sauka a Rigasa, da sojoji, da direbobi, da ma'aikatan jinya masu aikin dare. Kada a jingine zaman sai sun dawo. Uwa ta zauna da yaranta a kan lokacin, haka ma gidan da uba ya rasu ko aka rabu. Ranar da matafiyi ya dawo, ya tarar da abu a tsaye ya shiga ciki. Wanda dare ba ya yi masa ko kaɗan, a mayar da zaman karin kumallon Asabar, koko da ƙosai ma sun isa.

Zaman zai tsaya wata rana, ko don biki, ko rasuwa, ko jarrabawa, ko rashin lafiya. Kada a tsaya neman wanda ya jawo. Ranar da ta zagayo a shimfiɗa leda kawai a kira kowa. In kun yi wata guda dare biyun nan ba su faɗi ba, ku ƙara na uku, ku bar shi ya zauna kafin na huɗu. Gidan da ya kasa farawa gaba ɗaya ya jira azumi: buɗe-baki na tara kowa ba tare da an roƙe shi ba, sai dai a ce maigida ya riƙa shan ruwa a gida ko da rabin watan ne. Bayan ƙaramar salla, tun ba a naɗe ledar an jefa bayan kujera ba, a tsayar da daren Alhamis da na Juma'a.